Tef ɗin tela a ɗakin 'yan tiyata: kundin aiki daga Garwa

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau muka soma. Daga yanzu duk baligin da aka buɗe wa ciki da gaggawa a asibitinmu, za mu auna masa abu uku kafin ya kwana biyu da fitowa daga tiyata: kaurin sha-raɓa, kaurin damtse, da ƙarfin damƙar hannu. Ranar sallama a sake, ranar da ya dawo duba ɗinki a kuma sakewa. Kayan aikinmu tef ɗin tela ne, da rajista mai baƙin bango, da na'urar auna damƙa ƙwaya ɗaya da likitanmu ya taho da ita daga Yawunde. Masu aikin kuwa ni ce, da abokiyar aikina ta dare, da ƙaramin likitan fiɗa, da malamin motsa gaɓoɓi da ke leƙo mu idan ya samu sarari.

Duk wanda ya daɗe a ɗakin nan ya san abin da ya kawo wannan. Mutum biyu, cuta ɗaya, likita ɗaya. Wannan ya tafi gida a mako guda, wancan ya share wata yana fama da ƙirji da ɗinkin da ya ƙi kamewa, wani lokaci ma daga nan sai makwanci. Tsofaffin ma'aikata da kallo ɗaya suke cewa, "Wannan ba shi da jiki," kuma da wuya su kuskure. So muke mu mai da wannan kallon lamba, yadda sabon ma'aikaci ma zai gane wanda za a fi sa wa ido tun daren farko.

Abin da ake kawo mana bai cika sauyawa ba: hanjin da taifot ta huda, ƙabar da ta shaƙe, murɗewar babban hanji a dattawa, olsar da ta fashe, afendis da aka bari ya ruɓe. Da yawa sai sun yi kwanaki suna amai a gida, an biya ta wajen mai sassaƙe da mai kantin magani, kafin a ɗoro su a babur daga wajen Pitowa ko Lagdo ko Ngong.

Laraba, 22 ga Janairu

Ɗaliban likitanci sun zo zagaye, ɗaya ta tambaye ni me ya haɗa sha-raɓa da ciki. Zan rubuta amsar a nan, don masu jinya ma tambayarsu ke nan.

Tsoka ita ce rumbun jiki. Wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin lafiyayyen mutum tsoka ne, kuma a nan jiki ke ajiye mafi yawan furotin ɗinsa. Sukarin da hanta ke tanadi ba ya wuce kwana guda idan ba a ci komai ba. To ga mutum ciki ya cika da mugunya, an yanka shi, ga zazzaɓi. Jiki na neman abin da zai haɗe hanjin da aka ɗinke, ya rufe fata, ya ƙera ƙwayoyin yaƙi da cuta, ya kuma ba ƙwaƙwalwa sukari, alhali baki a rufe yake. Dole ya fasa rumbu. Sinadaran da jiki ke fitarwa idan ya shiga wahala, irin su kotisol, su hau, insulin mai sarrafa sukarin jini ya rage tasiri, tsoka ta yi ta narkewa tana aika wa hanta da rauni abin da suke nema. Kitse yana ba da kuzari, amma ba a gina nama da shi.

Wanda ya zo da rumbu cike zai rame ya tashi. Wanda ya zo da shi rabi, ko don tsufa, ko tarin fuka, ko sida, wato ƙanjamau, ko talaucin gida, ko mako uku na taifot, kafin rauni ya kame hatsin ya ƙare. Kuma ba tsokar ƙafa kaɗai ke tafiya ba. Har da wadda ake jan numfashi da ita, da ta bangon ciki da ake tari da ita. Wanda ya kasa tari mai ƙarfi majina za ta kwanta masa a huhu, bayan 'yan kwanaki sai ga nimoniya.

A aikin da aka sa wa rana ana iya ba mutum makonni ya ci, ya yi tattaki, ya tara jiki. Namu ba su da wannan gatan. Abin da suka shigo da shi, shi ke nan. Abin da ke hannunmu shi ne kada ragowar ta zube a kan gadonmu.

Na nuna wa ɗalibar rubutun jikin ledar ƙarin ruwa. Ta rabin lita mai sukari kashi 5, giram 25 ne a cikinta, wajen cokalin shayi shida, kalori 100 ko ƙasa da haka. Ruwan gishiri babu ko ɗaya. Furotin kuwa babu a duka biyun. Amma tambayi kowane mai jinya, zai ce miki, "Ai ana ba shi abinci ta jijiya."

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gado na huɗu: dattijo manomi daga wajen Pitowa, 'ya'yansa sun ce ya haura saba'in. Babban hanji ya murɗe, an yanke wurin da ya mutu, an fito masa da bakin hanji ta gefen ciki. Sha-raɓa santimita 28, damtse 21, damƙa kilo 17. Ma'aunin da masana a Turai suka sabunta a 2018 ya ce namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27, ko macen da tata ta gaza 16, tsokarsa ta yi rauni, kuma sha-raɓa ƙasa da santimita 31 a jikin tsoho alamar ƙarancin tsoka ce. Baba ya gaza a ko'ina. Mun ja masa jan layi a rajista.

Washegarin aiki likita ya ce a zaunar da shi, a fara ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Babban ɗansa ya tare gado.

"Malama, jiya-jiya fa aka yanka shi. In ɗinkin ya ɓalle fa?"

"Zama ba ya ɓalle ɗinki, Malam. Mugunya ce ke ɓalle shi, da kumburin ciki, da rashin abin da jiki zai haɗa naman da shi. Kwanciyar nan da kake gani hutu ce, ita ke cinye shi."

Bai gamsu ba, sai da tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale ta, ta fi ka sanin aikinta. Zo ki ɗaga ni, 'yata."

Mun ba shi maganin zogi, muka jira ya kama shi, muka naɗe zane muka ba shi ya rungume a kan ɗinki, sannan muka mirgina shi gefe ya sauko da ƙafafu. Jiri ya ɗebe shi, ya ɗan zauna ya koma. Da yamma ya fi daɗewa, ya kuma yi tari ya fitar da majina mai kauri.

Ban ga laifin ɗan ba. Mutanen nan sun taɓa ganin cikin da ya buɗe, ko an ba su labari. Abin yana faruwa, galibi a ƙarshen makon farko ko farkon na biyu, kuma sau da yawa wani ruwa mai ja-ja ne ke fara jiƙa bandeji kafin nan. Abin da ba su lura da shi ba shi ne irin jikin da abin ya fi samu: ramamme, wanda mugunya ta ci, wanda aka bari da yunwa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Tef yana ruɗinmu ta hanya biyu. An kawo wani makiyayi daga wajen Gashiga, olsa ta fashe. Siriri ne sosai, sha-raɓa 29, amma ya matse na'ura ta kai kilo 38, rana ta uku yana zagaya tsakar asibiti da sandarsa. Ga kuma wanda aka ɗura wa ruwa kwana uku, ƙafa ta kumbura, tef ya ce lafiya lau alhali ruwa ne muka auna. Sikeli ma haka yake yi. Mun yanke cewa damƙa ce kan gaba, damtse ya biyo baya, kuma kafin a auna ƙafa a danna ƙwauri da yatsa, in ya lotsa a rubuta.

Lambobin ma na aro ne. Masanan Asiya da suka zauna a 2019 nasu suka fitar daban: damƙa kilo 28 ga maza, 18 ga mata, sha-raɓa 34 da 33. Jikin mutane ba ɗaya ba ne, don haka ba na ɗaukar 27 a matsayin aya. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a gwada mutum da kansa: nawa ya shigo da shi, nawa ya fita da shi.

A manyan asibitocin waje hoton sikana suke dubawa, wato na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki. Kusan kowa ana yi masa kafin aiki, sai su auna faɗin wata tsoka da ke kwance gefen ƙashin baya daidai gaɓar ƙugu ta uku, wadda a jikin saniya mahauta ke sayarwa da sunan file. Bincike da dama sun nuna masu ƙaramar wannan tsoka sun fi samun matsala, sun kuma fi mutuwa bayan aikin ciki na gaggawa. Mu yawancin namu da hoton ƙirji da eko, wato hoton ciki irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ake shiga da su, wani ma da hannun likita kawai.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, ya zo mana da abin da ba mu sa a lissafi ba. Marasa lafiya ba sa azumi, wannan kowa ya sani, Alƙur'ani ya sauwaƙe musu a cikin Baƙara. Amma masu jinyarsu suna yi, kuma su ke dafa abinci. Murhun bayan ɗaki ba ya hayaƙi sai la'asar. Mutumin da muke so ya ci kaɗan-kaɗan sau shida sai ya wuni da kofin kunu ɗaya, da magariba a tara masa ƙosai da tuwo da ba zai iya ba. Mun roƙi limamin masallacin bakin asibiti ya yi magana bayan azahar, ya kuwa yi, ya ce ciyar da mara lafiya da rana lada ne a kan lada. Maganarsa ta fi tamu shiga.

Ga lissafin da muka liƙa a bango da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Ƙa'idar masana abinci na Turai ga wanda aka yi wa aiki ita ce kalori 25 zuwa 30 da furotin giram 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 50 ke nan yana neman giram 75. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Rabin lita na madara ko kindirmo wajen giram 16. Gyaɗa kusan rubu'in nauyinta furotin ne, busasshen wake ma ya kusa haka, waken suya ya haura sulusi. Tsinkakken kunun gero da ake ɗura wa mara lafiya da sunan abinci mara nauyi kuwa kusan duk ruwa ne.

Ba mu ce a daina kunu ba, wa zai ji? Cewa muka yi a ƙara masa nauyi: a dama shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a zuba madarar da aka tafasa, a ɗiga mai. Bayan kwana biyu a kawo dafaffen ƙwai, da romon kifin Lagdo tare da tsokarsa, don romo zalla ɗanɗano ne kawai. Awara tana da arha, ciki kuma yana karɓarta in an dafa ta ba a soya ba. Wake sai daga baya, saboda iska. Mai ciwon ƙoda ba ya cikin wannan lissafin sai likita ya faɗi nasa. Kuma duk wanda ciki ya kumbura ko ya fara koren amai, a tsaya a kira mu.

Laraba, 19 ga Maris

Mun rasa wani saurayi daren jiya. Shekara 19, taifot ta huda masa hanji wuri biyu, ya yi mako uku yana zazzaɓi kafin a kawo shi. Damtse 18. Na'urar damƙa da kyar allurarta ta motsa. Ɗinkin hanjin ya saki a rana ta shida, aka koma da shi tiyata, jiki bai ɗauka ba. Allah ya jiƙansa, ya ba uwarsa haƙuri.

Irin wannan jikin yana da wani haɗari na daban da ya kamata a rubuta. Wanda ya daɗe bai ci ba, in aka cika shi da abinci ko ruwan sukari lokaci guda, insulin yana tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam, wasu gishirai da zuciya ke bukata, daga jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki, zuciya na iya rikicewa. Shi ya sa irin waɗannan muke ja musu jan layi biyu a rajista, mu fara musu da kaɗan, da bitamin B1, a riƙa ƙarawa cikin kwanaki. Gwajin fosfet ba kullum ake samu ba, ba kuma kowa ke iya biya ba.

A gado na tara kuma ga akasin haka. Hajiya ce 'yar kasuwa mai shekara 62, ƙabar cibiya ta shaƙe. Mace ce mai jiki, nauyi ya haura kilo 90, ga ciwon suga. Damƙa kilo 12. 'Yarta ta ce ta fi shekara biyu tana salla a zaune, ba ta tashi daga tabarma sai an kama ta. Kowa ya kalle ta cewa yake tana da abin da za ta jure da shi. Ƙarƙashin kitsen nan kuwa tsokar ba ta kai ta makiyayin Gashiga ba. Da ido kaɗai muka bi, ba za ta shiga jan layi ba. Tun daga kanta muka ƙara tambaya uku ga dangi: yana tashi daga ƙasa da kansa? Yana ɗaukar bokitin ruwa? Ya faɗi a shekarar nan?

Talata, 8 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40, wuta tana ɗaukewa, fanka ta tsaya. Tattaki sai bayan asuba da bayan la'asar. Mun shata layi da alli a baranda kowace mita biyar, mai jinya ya riƙe ledar fitsari da sandar ƙarin ruwa, mu rubuta inda aka kai. Abin ya koma gasa, har ana yi wa juna tsiya daga gado zuwa gado. Wanda bai iya tashi ba yana hura iska ta roba cikin gorar ruwa, yana ɗaga ƙafa a kwance. Masu bakin hanji a waje su muka fi jin tsoro a wannan watan, ruwan jikinsu yana ƙarewa da sauri.

Malamin motsa gaɓoɓi ya kawo mana alƙaluma biyu da suka sa ma'aikatan dare suka daina ganin tayar da mara lafiya ƙarin wahala ne. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da lafiyayyun tsofaffi kwana 10 ana ba su abinci daidai, suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. A Ingila kuma a 2013 an auna tsokar gaban cinyar waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman, ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10. Na farkon ba su da ciwon komai, kwanciya ce kawai.

Tsarin ciyarwa da wuri da tayarwa da wuri ba sabo ba ne. Likitan fiɗa Henrik Kehlet na Denmak ya fara shi tun shekarun 1990 a aikin hanji da aka sa wa rana, kuma a 2021 da 2023 aka fitar da ƙa'idojinsa na aikin ciki na gaggawa. Wani ɓangaren yana son kayan da ba mu da su. Zaunarwa da ciyarwa da cire roba da zarar an gama da ita ba sa son komai sai mutum.

Baban Pitowa ya dawo duba jiki. Damƙa 20. Ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa cikin daƙiƙa 19, ma'auni yana son ƙasa da 15. Tambayarsa ɗaya: yaushe za a mai da masa hanjinsa ciki. Likita ya ce sai ya ƙara jiki.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun yi muhawara da babban likita a taron safe. Ya ce ramar tsoka alama ce kawai ta wanda cuta ta riga ta ci, ba ita ke kashewa ba, kuma ƙwai biyu ba zai ceci wanda ya zo da mugunyar kwana biyar ba. Yana da gaskiya rabi. Saurayin watan jiya jinkiri ne ya kashe shi, babu kunun da zai dawo da shi. Kuma rajistarmu ba za ta raba gardamar ba: mutanenmu kaɗan ne, cututtukansu daban-daban, ba mu da waɗanda za mu gwada su da su. Amma ko da alama ce kawai, alamar da ke nuna gadon da za a leƙa da ƙarfe biyun dare ta biya kuɗin tef. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a mujallar Lancet a 2018, ya bi mutum 11,422 da aka yi wa aiki. Kashi 18 cikin 100 sun sami matsala, kashi 2 sun rasu, kuma kashi 94 na waɗanda suka rasu ba ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo. Wato a ɗaki irin namu, a hannun nas. Ya amince masu jan layi su koma gadajen da ke kusa da teburinmu, a riƙa auna musu bugun zuciya da numfashi duk awa huɗu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na'urar damƙa ta faɗi, allura ta maƙale, tana wurin mai gyaran agogo a babbar kasuwa. Kafin ta dawo muna amfani da tashi daga kujera ranar sallama. Shafin "ranar dawowa" shi ya fi yawan gurbi: kuɗin mota ya hana mutanen ƙauye. Mun fara kiran waya, mu yi tambayoyi ukun nan.

Talata, 10 ga Yuni

An yi babbar salla, nama ya wadata a ɗaki har muna roƙon a daina kawo soyayye mai yaji, a kawo dafaffe mai laushi. Ruwa ya sauka, duk manomin da ke kan gado hankalinsa na gona. Abin da muke faɗa musu ranar sallama: tafiya kullum, tashi da zama a kujera safe da yamma, amma ba fartanya, ba ɗaukar buhu, har mako shida aƙalla, don kada wurin ɗinki ya zama ƙaba. Wasu sukan ce to, idonsu kuwa na cewa wa zai yi shukar.

Hajiya ta zo da 'yarta, tana tafiya da sanda, raunin ya kame bayan an daɗe ana wanke shi. Na'ura ta dawo, ta matse 14.

Damina za ta ƙaro mana taifot, hanyoyi za su lalace, abinci zai ja baya a gidaje har sabon hatsi, don haka muna sa ran jan layi zai yawaita daga watan gobe. Kafin nan akwai abu biyu. Za mu koya wa ma'aikatan ɗakin karɓar gaggawa su auna damtse su yi tambayoyi ukun tun kafin a shiga tiyata, don likitan barci da likitan fiɗa su sani. Kuma matan wata ƙungiyar unguwa da ke kawo sadakar abinci ranar Juma'a sun yarda su mai da ita garin kunu mai gyaɗa da waken suya, a ƙulla a leda, a ajiye a wurinmu don marasa galihu. Ranar Asabar za su kawo gwajin farko mu dama mu ɗanɗana.